Tsumman Bakin Gona

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da idona ya fara sauka a kansa ranar wata Alhamis da na isa ƙauyen Kakata, lokacin cirar gyaɗa, wani tsumma ne. An kafa karan dawa a bakin wata 'yar gona da ke gefen hanya, an ɗaura shi a kai, iska tana ɗan kaɗa shi. Na saƙi ne, shuɗi mai ratsin fari, ya sha wanki har ya yi laushi, a kusurwarsa kuma akwai wani jan faci da aka ɗinka da baƙin zare. Har na lura ɗinkin ya fara ƙanana-ƙanana a tsanake, can wajen ƙarshe ya koma manya-manya, kamar an kira mai ɗinkin ta je ta duba tukunya. Duk wannan na gani. Abin da ban yi ba shi ne buɗe baki in tambayi Baffa, da yake gabana yana jan jaki, me tsumman yake yi a wurin.

Ni haka Allah ya yi ni. Ido a buɗe kamar na kaza mai 'ya'ya, baki kuwa kamar an ɗinke. A birnin Kano aka haife ni. Babanmu malamin asibiti ne na En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, da aka yi masa canji zuwa Ɗanbatta sai ya sa ni a elementare. In Malam ya yi tambaya a aji ina sane da amsar, amma hannuna sai ya yi nauyi kamar taɓarya. Ranar da wata Baturiya ta zo duba makaranta ta tambaye ni sunana, sai da ta gaji da jira ta wuce. (Amma ko yau kuka tambaye ni zan gaya muku ɗaya daga cikin maɓallan rigarta ba irin sauran ba ne.)

Juma'a ba mu da makaranta, saboda haka in an tashe mu ranar Alhamis Baffa, ƙanen Babanmu, yakan biyo ya tafi da ni ƙauye wurin Kaka. Ba nisa, kafin rana ta faɗi mun isa. A can kuwa kowane lokaci da irin fitarsa. Da bazara mun sha ɗorawa har fuskarmu ta koma rawaya. Da ruwa ya sauka mun tsinko tafasa, daga baya muka bi ɗinya har haƙoranmu suka yi baƙi. Da gero ya nuna mun gasa tumu a bakin gona. Na ce "mun", amma gaskiyar magana Delu ce take yi, ni riƙon ƙwarya ne nawa. Delu 'yar Gwaggona ce, taubashiyata, sa'ata ce amma bakinta ya girme ni nesa ba kusa ba. Duk inda ta ɗauke ƙafa nan nake sa tawa, shi ya sa ban taɓa gane cewa a ƙasar nan, inda gona take manne da gona, babu taku ɗaya da ba shi da mai shi ba.

Abin da Delu ta fi samuna da shi shi ne gammo. Na kasa naɗa shi. Ko na naɗa, kafin in aza tulu ya warware ya sauko mini a fuska.

"'Yar birni," in ji ta, "ku a makarantar taku da me kuke ɗaukar kaya? Da kunne?"

Matan unguwa ma sukan sa baki, su ce boko tana kashe wa yarinya hannu. Kaka ce kaɗai take tare mini. Takan ce, "Ku bar mini 'yar nan. Mai shiru ce, amma ba abin da yake wuce idonta. Wata rana za ku gani."

To, sun gani kuwa.

A wannan zuwan Baba ya ba ni ɗan gwangwanin man shafawa in kai wa Kaka, na wata maƙwabciyarta ne, Iya Tasalla, wadda kurkunu ya kama a ƙafa. Na miƙa, Kaka ta sa albarka, ta ce gobe za a tallabo Iya a shafa mata. Sannan ta jawo wata 'yar fartanya daga ƙarƙashin gado ta ɗora mini a cinya.

"Gobe 'yan mata za su kalar gyaɗa. Wannan tawa ce tun ina kamarki. Ba riƙon ƙwaryar kowa za ki yi ba, taki za ki ciko."

Na duba ƙotar, ta yi santsi, wurin riƙon har ya ɗan lotsa. Na sha alwashi a raina ko ƙasa za ta tsage sai na cika ƙwaryar nan.

Ga wanda bai sani ba, in manomi ya cire gyaɗarsa ya kwashe, ba ta fita duka, wata takan tsinke ta zauna a cikin ƙasa. Iyalinsa su bi su tone abin da suka iya, sannan ya saki gona. Daga nan abin da ya saura na kowa ne, wanda ya tono nasa ne. Wannan shi ne kala. Delu ta yi mini wannan bayani a hanya da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Ba ta ce komai a kan tsumma ba, don a ganinta wannan ko akuya ta sani.

Gonar mai unguwa muka shiga, wadda aka saki tun farkon mako, an riga an bi ta an sake bi. Duk da haka 'yan matan nan sai ka ce da hanci suke gano gyaɗa. Suna sara suna waƙa, suna gulmar wane da wance, ƙoransu suna ta hawa. Ni kuwa in na sara, ƙasa. In na sake sarawa, tsakuwa. Da hantsi ya yi, abin da ke cikin ƙwaryata bai rufe gindinta ba, shi ma yawanci ɓawo ne ba ƙwaya.

Delu ta leƙo. "'Yar birni, ba rubutu ake yi da fartanya ba, sara ake yi! Kawo in gani." Ta girgiza ƙwaryar, ta yi ƙwal-ƙwal. "Kai! Wannan ko ɓera ya gani sai ya ji tausayinki ya ƙara miki daga nasa."

Aka kwashe da dariya. Ba ta mugunta ba ce, na sani, amma kunnuwana sun yi zafi. Na ci gaba da sara ina ja da baya, ina ja da baya, har na kai layin gambar da ta yi iyaka. Da na ga ba mai kallona sai na ratsa na ɓace. Na ƙetare wata gonar dawa, na bi gefen wata ta rogo, sai ga ni a bakin hanya, a gaban 'yar gonar nan ta jiya. Ga karan, ga tsumman yana kaɗawa kamar yana yi mini maraba.

Na dube shi na yi nazari irin na 'yan makaranta. Na ce a raina, wannan na korar tsuntsaye ne. Tunda kuwa an cire gyaɗa an kwashe harawa, ya gama aikinsa. (Na san duk wanda ya tashi a ƙauye ya riga ya dafe kai. Ku yi haƙuri, ban ma fara ba.)

Na shiga na kai sara ɗaya. Ƙasar da tauri, amma da ta fashe sai ga gyaɗa tana yi mini murmushi, manya-manya, cike da ƙwaya. Na sake sarawa, ga wata. Duk inda na taɓa, akwai. Na ce, ashe 'yan matan ƙauyen nan baki ne da su kawai, ido babu! Suna can suna wahala a gonar da aka gama lashewa, ga arziki nan a bakin hanya ba wanda ya lura sai ni. Na tuna maganar Kaka, ba abin da yake wuce idonta, har na ɗan gyara ɗaurin kallabi.

Kafin rana ta take tsaka ƙwarya ta cika ta yi tozo. Na gwada ɗauka, ta fi ƙarfin kai tsirara, ga shi ban zo da gammo ba. Na waiga hagu, na waiga dama. Sai idona ya koma kan tsumman.

Na kwance shi. Laushinsa ba a magana. Na murɗa shi a hankali yadda na sha ganin Delu tana yi, na zagaya da shi a yatsuna, na cusa bakin a ciki. Jama'a, ya naɗu! Karo na farko a rayuwata. Gammo ne zagayayye, tsaf, jan facin ya ɓuya a tsakiya. Na zauna a gindin wani gawo ina jujjuya shi a hannu ina jin daɗi, ina ɓare 'yar ɗanyar gyaɗa ina ci.

Ina nan zaune sai ga wasu ƙananan yara daga unguwar da ke gaba, kowa da ɗan kwanonsa da guntuwar fartanya. Suka tsaya cak a bakin gona. Suka dubi karan, ba komai a kansa. Suka dube ni. Babbar cikinsu, mai wushirya, ta ce, "Yaya, an saki gonar?"

Yaya. Ni aka ce wa Yaya. Tun da nake zuwa ƙauyen nan ba wanda ya taɓa tambayata wani abu. Sai na ji ba zan iya cewa ban sani ba. Na miƙe na ɗaga murya, ni da Baturiya ta kasa jin sunana, na ce, "Ku shigo mana! Akwai ta da yawa. Can wajen gindin gawo ma ta fi."

Suka afka kamar fara. Na ɗan tsaya ina nuna musu wurare kamar uwar gayya, sannan na aza gammo, mai wushirya ta taya ni ɗaukar ƙwarya, na kama hanyar gida. Ban koma wurin su Delu ba. So nake Kaka ta fara gani.

Lokacin maza sun tafi masallacin Juma'a, matan unguwa sun taru a tsakar gidan Kaka, ƙarƙashin durumi, suna ɓarar gyaɗa. A gefe kan tabarma ga wata 'yar tsohuwa ƙarama, ta miƙe ƙafa ɗaya. Idon sawunta ya kumbura, an naɗe bakin kurkunun a jikin ɗan tsinke, Kaka tana shafa mata man da na kawo. Iya Tasalla ke nan. Na lura farcenta duk ya yi baƙi-baƙi irin na mai tuyar ƙuli.

Na yi sallama a hankali yadda na saba. Kaka ta ɗago ta ga tozon gyaɗa a kaina. Ta ajiye gwangwani, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

"Ina masu cewa boko tana kashe hannu? Ina Hajara? Ina mai koko? Ku taso ku gani! Fitarta ta farko ke nan!"

Mata suka yo caa. Wata ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta ce, "Wannan kala ce kuwa? Ji girma!" Wata ta ce, "Har da gammo! 'Yar Malam, yaushe kika iya?" Ni dai ina sunkuyar da ido, amma cikina fari fat.

Kaka ta kama ƙwaryar ta sauke mini. Gammon ya zamo daga kaina ya faɗi ta gefe, ya gangara kamar wilin keke, ya ratsa tsakanin ƙoran mata, ya je ya bugi tabarmar Iya Tasalla. A nan ya warware, a hankali, kamar da gangan, ya kwanta a miƙe, jan facin yana kallon sama.

Wadda take ɓare gyaɗa ta tsaya da ɓawo a hannu. Daidai lokacin Delu ta shigo da rabin ƙwarya tana cewa, "Kaka, 'yar birni ta ɓata, mun duba ko'ina," sai ta ga tsumman, ta haɗiye sauran maganar.

Iya ta miƙa hannu ta ɗauke shi. Ta juya shi, ta shafa facin da babban yatsa. Ta dubi ƙwaryata, ta dube ni.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni na kasa zuwa gona, sai ga gona ta zo duba ni."

Wata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Kaka ba ta yi ba. Ta jawo ni gefe ta gaya mini, ba faɗa, murya ƙasa-ƙasa, wanda ya fi faɗa ciwo. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, ƙasa ta yi tauri. Da samari suka taya Iya cire gyaɗarta, kusan rabi ya tsinke a ƙasa. Tana shirin bi ta tone ke nan kurkunu ya kwantar da ita. Sai ta yago bakin tsohon zanenta ta ba da aka ɗaura, don duk wanda ya gani ya san gonar nan ba a sake ta ba. Kowa a yankin ya san zanen. Ɗanta ɗaya ne, ya tafi haƙar kuza Jos, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Gyaɗar da ke cikin ƙasar nan ita ce manta, ita ce ƙulinta na sayarwa, ita ce irin shukarta na baɗi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba (na riga na gaya muku da tauri take).

Kaka ta juya wurin mata tana ƙoƙarin gyara fuska. "To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Ƙwarya ɗaya ce, ga ta nan kuma ta iso hannun mai ita. Iya, kin samu lebura kyauta."

Aka sake dariya, aka fara komawa wurin zama. Da na yi shiru, kamar yadda na fi iyawa, da maganar ta mutu a nan, a ranar dai. Na dubi ƙafar Iya da ɗan tsinken nan. Na ce, "Kaka."

Ba ta ji ba.

"Kaka, akwai yara."

"Waɗanne yara?"

"Sun tambaye ni ko an saki. Na ce su shigo."

Delu ta dire ƙwaryarta ta fita a guje. Ba a jima ba ta dawo tana haki, ta ce sun tashi, gonar kuwa kamar kaji sun kwana suna tono.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Iya ta shimfiɗa tsumman a kan gwiwarta tana shafa shi da tafin hannu, ta shafa, ta sake shafawa, alhali ba sauran inda ya tattare. Ta ce, "Ba komai. Rabon yaran ne." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Dariyar ɗazu kunya ce ta fuska. Wannan kuwa har cikin ƙashi na ji ta.

Na ɗauka Kaka za ta ɗauko tsumagiya. Sai ta juye gyaɗata a gaban Iya, ta miƙo mini ƙwaryar ba komai a ciki.

"Bakin da ya ce su shigo, shi zai je ya ce su dawo da ita. Delu, raka ta. Rakiya na ce, ban ce ki yi mata magana ba."

Muna fita Delu ta ce, "To, 'ya'yan wa da wa ne?"

"Ban san sunansu ba."

"Innalillahi! Unguwar tsallake gida nawa ne, za mu bi duka?"

Na ce, "Akwai mai wushirya, kitsonta shuku ne, gefe ɗaya ya fara warwarewa. Akwai wani mai laya a jan zare, da tabon ƙuna a nan." Na nuna gwiwar hannu. "Akwai wasu biyu masu kama ɗaya, kwanonsu an toshe hujinsa da ƙaro. Akwai wata ƙarama mai awarwaro ɗaya, tana tsotsar yatsa."

Delu ta tsaya ta dube ni baki buɗe. "Mai wushirya 'yar gidan maƙera ce. Mai ƙuna jikan mai tabarma ne. Tagwayen kuwa ai na gidan Sarkin Fawa ne." Ta girgiza kai. "Ke, duk wannan kika gani, amma ba ki ga cewa tsumma ba ya hawa kara da ƙafarsa ba?"

A gidan maƙera muka fara. Na yi sallama, na durƙusa, na gaishe da matar gidan tana daka. Na fara bayani, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa.

"Ɗaga murya, 'yar nan! Ko a makarantar taku da ido ake karatu?"

Na ɗaga. Na faɗa tun daga kara har zuwa gammo. Da na zo kan gammo matar nan ta saki taɓarya ta riƙe turmi tana dariya har da hawaye. Ta kira mai wushirya ta juye abin da ta samo a ƙwaryata, sannan ta shiga ɗaki ta ƙaro da hannu biyu. "Wannan na dubiya ne. Ki ce wa Iya ina gaishe ta da ƙafa."

A gidan mai tabarma yaron ya riga ya cinye rabin tasa, yana zaune da ciki tim. Kakarsa ta cike daga cikin tata. A gidan Sarkin Fawa ne muka gamu da wuya. Uwar tagwaye ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kala kala ce, ba a mai da ita. Yarana sun ga tsumma? Ba su gani ba. Sun tambaya? Sun tambaya. To, me kuma?"

Na ji Delu ta ja numfashi za ta fara, na taka mata ƙafa. Na ce, "Gaskiyarku ne, Inna. Ba su yi laifi ba. Ni na kwance, ni na ce su shiga. Roƙo na zo yi, ba bin bashi ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta yi tsaki, ta shiga ciki tana mita a kan 'ya'yan birni da iyayen da suke sakin su, ta fito da kwanon nan mai ƙaro ta juye. Ba ta ƙara ko ɗaya ba, ba ta kuma rage ba.

Kafin mu kai gidan ƙarshe labari ya riga mu. Matar gidan tana bakin zaure tana jiranmu, gyaɗa a hannu ɗaya, naɗaɗɗen gammo a ɗayan. "Ungo, ga gammo nan na ba ki aro. Na yi shanya a bayan gida, kada ki kwance mini zane."

Da la'asar muka dawo, ƙwarya a kaina, wata a kan Delu. Muka juye a gaban Iya. Ko ta kai abin da aka tono, ko ta fi, ko ba ta kai ba, ban sani ba. Da Kaka ta tambaya, Iya ta ce abin da ke cikin ƙasa Allah kaɗai ya san yawansa. Ta tura hannu cikin tsibin ta ɗebo, ta bari yana zubowa ta tsakanin yatsunta, ta ware manya-manyan gefe guda ta ce waɗannan na iri ne. Kaka ba ta ce mini na kyauta ba, ba ta kuma ce ban kyauta ba. Fura ta dama mini, na lura nonon ya fi na kullum yawa.

Muna wanke ƙafa a bakin rijiya Delu ta zungure ni da gwiwar hannu. Na shirya jin wata baƙar magana. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma dai gammon ya naɗu."

Har yau in na je ƙauyen ba mai kirana 'yar birni. Mai Sakin Gona ake ce mini, har yaran da ba su san dalili ba. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, kowa ya riga ni sani: ido zai gaya maka launin tsumma da irin zaren da aka ɗinka shi, amma ba zai gaya maka na wane ne ba, wannan aikin baki ne. Kunyar tambaya ɗaya na ji a bayan jakin Baffa, ta sa na yini ina durƙusawa a ƙofar gidajen mutane ina ba da labarin wautata da babbar murya. Daga baya a aji har Malam yakan ce in bar wasu su ma su yi tambaya.

A ranar dai, da yamma, Baffa ya ɗaura wa jaki akumari za mu koma Ɗanbatta. Na ce ya ɗan jira ni. Na shiga wurin Iya, an mai da ita ɗakinta, tana zaune a bakin ƙofa, tsumman yana rataye a kafaɗarta. Na durƙusa.

"A'a, leburata ce? An zo karɓar lada ke nan. To faɗi, me za a ba ki? Ƙuli ko tunkuza?"

Akwai abin da na gani tun da rana ban gaya wa kowa ba. Can ƙarshen gonar, bayan wani suri, ƙasar ba ta da sawun kowa, ni ban kai wurin ba, yaran ma gindin gawo na tura su. Na ɗaga murya yadda matar maƙera ta koya mini.

"Iya, bayan suri ba a taɓa ba. Don Allah ku ba ni tsumman in mayar da shi kan karansa, a kan hanyarmu yake. In Juma'a ta zagayo kuma, ku bar ni in zo in tone muku sauran."